Dokar Gidan Mai Firji

Shafi na 19

Masu bi na da saƙo har cikin kicin, na ji ku. Wata ma cewa ta yi in ban taɓa Mai Firji yau ba, ni da ita an ɓata. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, yau ranarsa ce.

Ku kuma da kuka shigo yanzu, ga inda aka kwana. Mai Firji ya kafa doka a gidansa, daga bakin ƙofa zuwa ciki babu mai yin Hausa sai Turanci, wai don 'yarsa Aku ta buɗe baki a sabuwar makarantarsu. Inna mahaifiyarsa kuwa ko "zo" ba ta sani ba da Turanci. Da abin ya ishe ta, ta ce ba za ta zauna gidan da ba za ta yi hira da jikarta ba, ta kira babbar 'yarta, wato Yayarsa, ta zo ta ɗauke ta. Shi kuma gogan naku girman kai ya hana shi cewa ta zauna.

*

Akwatin babu.

Abin da ya fara gani ke nan da ya tura ƙofar ɗakin Inna. Jan akwatin nan mai karyayyen zif, wanda ya kwana biyu a gindin gado yana masa kallon raini, yau wurinsa wayam. An gyara gado tsaf. Carbinta ba ya kan filo, takalmanta ba sa bakin ƙofa.

Shi fa ba wurin Inna ya zo ba. Safar hannunsa ta aiki ya dawo nema daga shago, don kwanan nan safunan nasa ɓatan dabo suke yi, ya ajiye a aljihun riga ya wayi gari babu. Amma da ya ga gurbin akwatin nan, tuni ya manta da wata safa.

Ya nufi kicin. Maman Aku tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya buɗe baki zai tambaye ta da Turanci kamar yadda dokarsa ta ce. Turancin ya ce nemi ni inda ka ajiye ni. Da ma Turancin nasa na waya ne da gas da injin sanyi, babu inda aka koya masa yadda ake cigiyar uwa.

Ya kama hannunta ya ja ta zuwa baranda.

Barandar nan tana da tarihi. Tun ranar da aka kafa doka Inna ta yanke hukunci cewa baranda ba cikin gida ba ce, tunda ruwan sama yana dukanta. Nan suke raɓewa ita da jikarta su yi ƙus-ƙus ɗinsu a tsakanin shanya, shi kuma kullum yana faɗa a kai. Yau ga shi da kansa a tsakanin zannuwan gado.

"Ina Inna?"

Maman Aku ta sunkuya ta dubi ƙasa.

"Abban Aku, ƙafarka ɗaya tana cikin gida."

Ya janye ƙafar.

"Na ce ina Inna?"

"Ta fita tun da safe."

"Da akwatin?"

"Da akwatin."

"Kuma kika tsaya kina kallo ta fita?"

"To da wane yare zan tsayar da ita? Turancin ba ta ji, Hausar ka hana."

Ya share gumi da bayan hannu.

"Ba Yaya ta ce sai yamma za ta iso ba?"

"Haka ta ce."

"To ina ta nufa? Tasha?"

"Ta ce kada in faɗa maka. Ta ce mai doka ya nemo ta da kansa."

Ya ƙura mata ido. Akwai wani abu a gefen bakinta da bai yarda da shi ba, amma ya ɗauka yajin albasa ne.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Malama ce, wadda makarantar ta ware don yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne. Takan yi masa magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda zai gane.

"Baban Aku, in da hali ka zo makaranta yanzu. A kan 'yarka ne."

"Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Amma gara ka gani da idonka."

Ta kashe.

Shi ke nan, uwa ta tafi, 'ya kuma za a ce an gaji da ita. Ya sauka matakala ko ƙofa bai rufe ba. Ya ce a ransa, makarantar a kan hanyar tasha take, bari ya fara karɓar wannan marin kafin ya je ya karɓi wancan.

*

Ku daina zaginsa haka nan, ni da nake rubuta shi na san ba mugu ba ne. Tsoro ne ya yi masa yawa.

Yarinyar nan ba banza kakarta ta sa mata Aku ba. Kafin su ƙaura, ko a barci surutu take. Tana yi wa kyanwa hira, tana yi wa cokali faɗa. Amma tun da aka kai ta makarantar nan, malamai suka ce ko tari ba ta yi a aji.

Wata rana ya dawo daga gyara, ya bi ta bayan katangar makarantar lokacin tara. Yara suna ta guje-guje, ita kuwa tana jikin bango ita kaɗai, tana murza bakin rigarta. Ya san wannan tsayuwar. Shi ma ya yi ta a ƙofar gidajen mutane, ya san abin da ke damun firji sarai, amma bakin da zai faɗa babu, har a kira wani a ba shi aikin yana tsaye. Ranar ya rantse 'yarsa ba za ta girma a jikin bango ba. Da ya koma gida ya kafa doka.

Abin da doka ta haifar kuwa, Aku ta ƙara da yin shiru a gida. Gidan da a da maƙwabta ke buga musu bango saboda hayaniya, ya koma ana nuna gishiri da yatsa. Ya ga hakan, ya ji zafinsa, amma ya ce wa kansa magani ne, dole ya yi ɗaci.

*

Mai gadi ya nuna masa hanya. Ya bi dogon baranda mai zanen yara a manne a bango, gidaje masu karkatattun tagogi da rana mai haƙora. Yana tafe yana haɗa Turancin ban haƙuri a ransa.

Sai ya ji.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

Ya tsaya cak. Muryar nan ko a kasuwa ya ji ta ya san ta.

Kafin ya gama tantancewa, muryoyin yara rututu suka amsa, kowa da irin karyewar harshensa.

"Ta zo mu ji ta!"

Ya matsa a hankali ya leƙa ta gilashin ƙofa.

Inna ce. Innarsa, zaune a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, ta gyara mayafi kamar wadda aka haifa a ajin. Jan akwatin yana gabanta a buɗe. Babu zani ko ɗaya a ciki, sai ƙyallaye da maɓallai da murafen kwalba.

A hannunta na dama kuwa, safarsa ce. Safar aikinsa mai ruwan toka, an ɗinka mata idanu da maɓalli da kunnuwa zalo-zalo. A hagu ga baƙar, wadda ya zargi maƙwabcin shagonsa da ɗaukewa, an jera mata fararen haƙora.

Yara sun zauna a kan darduma sun kewaye ta, farare da baƙaƙe da wankan tarwaɗa, kowa baki sake. A gefenta kuma wata 'yar yarinya tana tsaye, ta riƙe ƙugu.

Aku.

Inna ta ɗaga baƙar safa ta kumbura murya.

"Wata rana kura ta sayi sabon takalmi. Ƙafa huɗu, takalmi huɗu, yana ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ. Ta ce yau duk dajin nan sai an san na yi arziki."

Ta dubi jikarta.

Aku ta juya ga 'yan ajin, ta buɗe baki.

Turanci. Da ƙarfi, har yana jiyowa ta bayan ƙofa. Tana yi tana taka ƙafa tana kwaikwayon ƙarar takalmin, yara suka tuntsure da dariya.

Mai Firji ya dafa bango.

Inna ta ɗaga mai ruwan tokar.

"Sai ga akuya. Ta ce, ranki ya daɗe, ai mai sabon takalmi ba ya farauta, kowa zai ji zuwanki ya gudu. Kawo in riƙe miki."

Aku ta ɗauka. Ta yi nisa, sai ta cije a wata kalma, ta ɗaga ido sama tana nema. Ya ce a ransa yanzu za ta koma jikin bango. Ina. Sai ta durƙusa ta yi sanɗa kamar mai bin nama. Wata yarinya mai gilashi ta ɗaga hannu ta faɗi kalmar, Malama ta rubuta a allo ta yi ɗan zane a gefenta, Aku ta cafe ta ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Ta yi ta zuba, ta yi ta zuba.

Inna ta sauke safunan ta harare ta.

"Ke ƙawata, ni magana biyu na yi, ke kin yi goma. Me kike ƙara musu?"

"Kaka, gishiri nake sawa."

"To sa kaɗan, kada su ƙi cin nawa."

Bai san yana kuka ba sai da ya ji ɗanɗanon hawayen a gashin bakinsa.

*

Malama ta hango shi ta fito, ta ja ƙofar a hankali. Ya yi saurin goge fuska ya tsuke ta, don namiji ne, kuma mai doka.

"Ka gani?" ta ce.

"Na gani." Ya gyara murya, ya tattaro Turancinsa. "Amma ni na hana. Na ce babu Hausa. Yare biyu zai rikita mata kai."

"Wannan da ka gani yanzu, ta yi maka kama da mai rikitaccen kai?"

Ya leƙa. Aku tana nuna wa wani yaro yadda akuya ke tafiya da takalmi huɗu.

Ya juyo wurin Malama.

"Yaushe aka fara wannan?"

"An ɗan jima. Wata rana mahaifiyarka ta zo ɗaukarta, ta same ta a takure. Sai ta zaunar da ita a benci bakin ƙofa tana ba ta labari, tana yi da hannu da ido. Yara suka taru. Wata ta taɓa Aku ta ce, me kakarki ke cewa? Kafin ta tuna ba ta magana, ta riga ta ba ta amsa."

Malama ta yi dariya.

"Ina cikin ofis na ji ta taga. Shayin da ke hannuna a siket ɗina ya ƙare. Washegari na tare mahaifiyarka, ni ba Hausa ita ba Turanci, Aku ce ta tsaya a tsakaninmu har muka shirya. Tun daga nan duk mako take zuwa."

"Wato Turancin... da ma ta iya?"

"Yana cikinta tuntuni. Yaro in ya zo sabo yakan yi shiru ya yi ta sauraro yana tarawa, wani ya daɗe, wani ya yi sauri. Ba ciwo ba ne. Abin da ta rasa shi ne abin da za ta faɗa, da wanda za ta faɗa dominsa. Ba ta so a ce kakarta tana magana ba a gane ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka taimakonta nake."

"Na sani. Ba kai kaɗai ba ne, iyaye da yawa haka suke yi, kuma don ƙauna suke yi. Da na san da dokar da wuri da na neme ka, sai kwanan nan Aku ta faɗa mini. Turanci ka bar mana, muna da shi a nan daga safe har a tashi. Abin da ba mu da shi, shi ne abin da ke bakin tsohuwar nan. In na ba ta littafin hotuna ta kai gida, ku fara yin hirarsa da Hausa, ku yi gardama, ku yi dariya. In ta riga ta san labarin, kalmomin Turancin ba sa wahalar zama."

Ya gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya.

"To me ya sa sai yau kika kira ni?"

Fuskarta ta canza.

"Ba ni ba ce. Aku ce ta same ni da safe. Ta ce yau ne labarin ƙarshe, kakarta za ta tafi da yamma. Ta ce in kira Abbanta, in ya ji da kunnensa ba zai bari ta tafi ba."

Ya sake leƙa 'yarsa ta gilashin ƙofa.

Malama ba ta jira ya shirya ba, ta tura ƙofar.

Inna ta ɗago. Ta dube shi daga hula har takalmi, ko gezau.

"Ƙawata, gaya musu ga mai safar ya iso. Ki ce autana ne."

Amma Aku ba ta fassara ba.

Tana ganinsa hannayenta suka sauka daga ƙugu. Ta kama bakin rigarta ta fara murzawa. An kama ta tana Hausa, kuma ba a baranda ba. Ajin ya yi tsit, yara suna kallon wannan ƙaton mutum mai kayan aiki da ya toshe ƙofa.

Ya san in ya yi kuskure a nan, ya rufe bakin nan ke nan.

Ya taka a hankali ya jawo wata 'yar kujera. Ya zauna, kujerar ta yi kuka. Ya dubi 'yarsa, ya ce da Hausa, a fili, kowa yana ji:

"Mamana, kin bar ni a rataye. Akuyar ta mayar da takalmin ko ta gudu da shi?"

Ta ƙura masa ido.

"Abba... Hausa ka yi."

"Na sani. Ta mayar?"

Murmushin ya fara daga ido kafin ya iso baki, har giɓinta ya bayyana.

"Ina fa ta mayar. Abba, ba ka san akuyar nan ba."

Ta juya ga 'yan ajin ta nuna shi da yatsa, ta sanar da su da Turanci cewa wannan shi ne ƙaramin yaron kakarta. Yara suka dubi gashin bakinsa, suka dubi tumbinsa, ajin ya kece da dariya har da masu birgima a darduma.

Haka aka ƙarasa labari. Akuya ta sa takalmi ta bi gari tana ƙiiƙ-ƙiiƙ, duk wanda ya ji ƙarar ya ɗauka kura ce ya ba ta hanya, ita kuwa kura tana daji ƙafa ba takalmi tana taka ƙaya. Mai Firji ya fi kowa tafi.

*

Da aka tashi, shi ya ɗauki akwatin. Aku tana tsakiya, hannu ɗaya a nasa ɗaya a na kakarta, bakinta bai huta ba tun daga ƙofar makaranta. Ta ba shi labarin mai gilashi, da yaron da ke cin fensir, da yarinyar da kakanta zai zo mako mai zuwa ya koya musu waƙa da nasu yaren. In Hausa ta ƙare mata ta ɗauko Turanci, in Turanci ya cije ta dawo gida.

Inna kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Suka hau matakala. A bakin ƙofar gida ta ja ta tsaya.

"To, nan ne iyaka. Mai magana da ni ya yi ta a nan, daga nan ciki ni bebiya ce."

Ya ajiye akwatin. Ya buɗe ƙofa ya shige har tsakiyar falo, ya tsaya daidai ƙarƙashin fanka inda ya tsaya ranar da ya kafa dokar.

"Inna, ki shigo. Babu sauran doka a gidan nan."

Ludayi ya faɗi a kicin. Maman Aku ta leƙo.

"Abban Aku, a falo kake fa."

"Na san inda nake. Kuma ke, ashe da ke aka haɗa baki."

"Ni ɗinkin kunnuwan kawai na yi."

"Safata fa? Har na daina gaisawa da maƙwabcina a kanta."

"Sai ka je ka ba bawan Allah haƙuri." Ta ɗaga hannu sama. "Kai, Alhamdulillahi. Wallahi akwai maganar da ke cina tun watan jiya, na rasa yadda ake gulma da Turanci."

Aku ta ruga ciki tana gaida kujeru da Hausa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta shigo a nutse, ta zauna a kujerarta ta kusa da taga. Ba ta cire mayafi ba. Wannan ya gani, kuma ya san ma'anarsa.

Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki zauna."

"Ai a zaune nake."

"Ki fasa tafiyar."

Ta kara hannu a kunne.

"Ka san kunnen ya kwana biyu bai ji Hausa a ɗakin nan ba, ya yi tsatsa. Me ka ce?"

"Na ce na yi kuskure. Ki yafe mini, kada ki tafi."

Ta sauke hannun daga kunnenta. Da ta yi magana, wasan ya fita daga muryarta.

"Auta, ni ban biyo ka garin nan don katifa mai laushi ba. Ina da katifa a can. Yarinyar nan na biyo. Sai ga ni ga ta a ɗaki ɗaya, ina kallon bakinta tana kallon nawa, kamar an sa gilashi a tsakaninmu. Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ranar da ta yi mafarki ta farka, ta zo bakin gadona ta tsaya, ta rasa ko an yarda ta ce Kaka."

Ya kifa kai a gwiwarta. Maman Aku ta juya tana goge ido da gefen zani, yau kam ba albasa.

"Tsoro na ji, Inna. Na gan ta a jikin bango."

"Na sani. Ni ma na gan ta, shi ya sa na zauna a bencin." Ta dafa kansa. "Tashi, ƙato da kai. Yarinya na kallo."

Aku ta matso ta raɓa jikin kakarta.

"Kaka, kin fasa?"

"Ina tunani." Ta taɓe baki. "Ina da sharuɗɗa."

"Faɗi ko nawa ne," in ji shi.

"Safa dai ta zama tawa, har da waccan sabuwar da ka ɓoye a bayan firji."

"Na bar miki."

"Malamar nan tana koyar da iyaye da yamma. Ni da surukata za mu shiga, na gaji da yi wa mai kanti magana da yatsa. Kai ma da kai, don na ji Turancin naka ɗazu a bakin ƙofa. Ban san me ka ce ba, amma na ga Malama tana wahala."

Maman Aku ta toshe baki.

"Na yarda."

"Saura ɗaya." Ta buɗe akwatin ta zaro baƙar safa mai haƙora ta ɗora masa a tafin hannu. "Hannuna na hagu ya fara ciwo. Mako mai zuwa kai ne kura."

"Inna, a gaban yara?"

"Da a gaban wa?"

Aku ta daka tsalle.

"Abba, kura ce ke shan wuya fa. Kullum."

"Shi ya sa na zaɓe shi," in ji Inna.

Sannan ta sa hannu ta zare mayafin, ta ninke shi ta ajiye a hannun kujera.

Mai Firji ya sauke wata ajiyar zuciya da ya kwana biyu yana riƙe da ita. Ya zura hannu cikin safar ya buɗe bakin kura ya kai wa Aku cizo a kunne, ta ƙyalƙyale ta ɓuya a bayan kakarta. Maƙwabcin sama ya buga musu ƙasa, karo na farko a wata da watanni, Maman Aku ta ce wannan bugun ya fi mata kiɗa daɗi.

Ana cikin haka wani abu ya faɗo masa a rai. Ya daina dariya.

"Inna... kin kira Yaya kin ce ta yi zamanta?"

"Wa? Ni?"

"Ai sai a kira ta yanzu, kada ta sha hanya a banza."

Inna ta gyara zama, ta ɗauko carbinta daga jaka.

"Ai na gaya mata komai tun farko. Dokar, da nuna gishiri da yatsa, har barandar. Ta ce ko na fasa tafiya, ita ba ta fasa zuwa ba."

Ku da ba ku san Yaya ba, ita ta goye shi, ita ta yi masa wanka har ya shiga makaranta, kuma har yau in ta kira sunansa a waya miƙewa tsaye yake ya amsa.

Hon ɗin mota ya tashi a ƙasa, dogo, irin na wanda bai zo da wasa ba.

Aku ta ruga baranda ta leƙa.

"Abba, Gwaggo ce. Ko rufe motar ba ta yi ba."

Takun takalmi a matakala. Mai Firji ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya dubi kurar da ke hannunsa. Ya ja safar, ta ƙi fita.

Aka buga ƙofa.

"Ina mai dokar? Auta, buɗe ƙofar nan. Ni ma na zo da nawa Turancin."